Kuturtar gyaɗa ta 1975, da madubin da ya gano masu laifi uku

Idan kai mutumin Funtuwa ne, ko Bakori, ko Malumfashi, kuma akwai dattijo a gidanku da ya riƙe fartanya tun zamanin Gowon, ka samu lokaci ka tambaye shi labarin damanar 1975. Ita ce damanar da Janar Murtala ya karɓi mulki, a ƙarshen watan Yuli, saboda haka ba ta da wuyar tunawa. Amma manomin gyaɗa da wani abu dabam yake tuna ta. Shuka ta fito lafiya, an yi noman farko, sai gyaɗa ta tsaya cik. Sabon ganye ya riƙa fitowa ƙanana, a murɗe, wani ya yi rawaya fatau, wani ya yi kore mai duhu. Maimakon ta yi yaɗo ta rufe kunya, sai kowane tushe ya dunƙule wuri guda kamar gammo. Da aka zo cira, wani tushen ko ƙwaya ɗaya babu, harawar ma ba ta kai a ɗaure ba. Manoma suna kiran wannan cuta kuturtar gyaɗa, kuma duk wanda ya taɓa ganin ta ya san sunan ya dace.

Masu bincike na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato Yayock da Rossel da Harkness, sun rubuta bayanin annobar a 1976. Ƙiyasin da ake ambatawa har yau shi ne ta cinye gyaɗar kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya, asarar da ta kai wajen dala miliyan 250 a kuɗin wancan lokaci. Ba ta tsaya a kan iyaka ba, manoman Maraɗi da Damagaram ma sun sha ta. Ka tuna kuma ta zo ne mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1972 zuwa 1974 ba. Ƙasar da a shekarun 1960 take sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, wadda dalar gyaɗarta ta Kano ta shiga hotuna da littattafan makaranta, sai ga ta ta daina fitarwa. Ba cutar kaɗai ta jawo haka ba, akwai fari, akwai kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga gona, akwai ƙorafin manoma kan farashin da hukumar sayen amfanin gona ke ba su. Amma ita ce ta yi bugun ƙarshe.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a 1975 ɗin, an shekara 68 da sanin wannan cuta, an san ƙwaron da ke yaɗa ta, an ma san dabarun rage ta, amma babu wanda zai iya faɗa maka takamaimai mene ne ke cikin ganyen. Amsar ta jira wata na'ura, kuma da na'urar ta zo, rabin amsar kawai ta bayar. Labarin ke nan da muke so mu ba ka.

Abin da ido ba ya gani, madubi ma ba ya gani

Mu ɗan koma baya. A 1892, wani Barashe mai suna Dmitri Ivanovsky yana binciken cutar da ke sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare. Ya matse ruwan ganye mai cutar, ya tace shi da wani mataci na tangaran wanda ƙofofinsa ba sa barin ƙwayar bakteriya ta wuce. Ya shafa tataccen ruwan a lafiyayyen ganye, sai cuta ta kama. Bayan shekara shida, Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya maimaita gwajin, ya ce lallai wannan wani sabon abu ne, ba bakteriya ba, yana hayayyafa amma sai a cikin rayayyen ganye. Shi a zatonsa ma wani ruwa ne mai rai. Daga nan kalmar bairos ta samu ma'anar da muka san ta da ita, asalinta kuwa guba take nufi a Latin.

Shekara arba'in ana aiki a kan bairos ba a taɓa ganin sa ba. Me ya hana? Ba wai madubin likita na lokacin ne ba shi da inganci ba, matsalar daga hasken kansa take. Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa, kuma tsawon kowace igiya ta hasken da idonmu ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita, wato ɗan layin nan mafi ƙanƙanta a jikin rular ɗan makaranta ka raba shi gida miliyan. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna da lissafi cewa duk ƙwarewar mai wasa gilashi, madubin haske ba zai bambance abin da bai kai nanomita 200 ba. Kamar a ba ka taɓarya ne a ce ka laluba ƙwayar gero a cikin rairayi. Ba ƙarfinka ne ya gaza ba, abin lalubenka ne ya yi kauri. Bakteriya takan kai nanomita 1,000 ko fiye, shi ya sa ake ganin ta. Bairos ɗin da za mu yi magana a kansa nanomita 28 ne kacal. Sai ka jera wajen 2,500 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya.

Maganin kaurin taɓarya shi ne a nemo allura. A 1931, a birnin Balin, Max Knoll da ɗalibinsa Ernst Ruska suka haɗa madubin da ba ya amfani da haske. Elektron yake harbawa, wato ƙananan ƙwayoyin nan da gudunsu a cikin waya shi ne wutar lantarki. Su ma suna da ɗabi'ar igiya, amma tasu ta fi ta haske gajarta sau dubu ɗari ko makamancin haka. Gilashi ba ya lanƙwasa su, sai aka yi amfani da maganaɗisun lantarki a madadinsa. Iska tana tare su, sai aka zuƙe iskar cikin bututun gaba ɗaya. Kamfanin Siemens ya fara ƙera na sayarwa a 1939, kuma a shekarar ne Kausche da Pfankuch da Helmut Ruska, ƙanin Ernst wanda likita ne, suka fitar da hoton bairos ɗin tsiro na farko. Na tabar nan ne. Ashe ba ruwa ba ne, 'yan sanduna ne, tsawon kowace nanomita 300, kauri 18. Gani ya kori ji. (Ernst Ruska bai samu kyautar Nobel ba sai 1986, shekara 55 bayan aikin, ya rasu bayan shekara biyu. Kwamitin nan wani lokaci akwai jan ƙafa.)

Hotunan farko dai inuwa-inuwa ce kawai, domin bairos ba shi da nauyin da zai tare elektron sosai, ratsa shi suke su wuce. Dabarar da ta gyara wannan ta fito a 1959 daga Sydney Brenner da Robert Horne a Kambirij, kuma idan ka taɓa ganin ana yi wa amarya lallen salatif, ka riga ka fahimce ta. Ana manna salatif a hannu, a shafe ko'ina da lalle, idan an ɓare sai zane ya fito a inda lalle bai taɓa ba. Haka nan, ana ɗiga ruwan samfur a kan wani ɗan faifan raga na tagulla mai faɗin milimita 3, a bi shi da gishirin wani ƙarfe mai nauyi, kamar tangistin ko yuraniyam. Gishirin ya bushe a kewayen bairos, ya shiga kowane lungu na jikinsa. Elektron ba sa ratsa ƙarfen, suna ratsa bairos ɗin. Sai hoto ya fito, fili baƙi, bairos fari, har ana iya ƙirga ƙullutun jikinsa. Aikin minti goma ne ko ƙasa da haka.

Daga nan ƙofa ta buɗe. June Almeida a Landan ta ga wani bairos mai ƙayoyi kewaye da shi kamar kambi, aka raɗa masa suna korona a 1968. Da zazzaɓin da ya ɓulla a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969 ya kai ɗakin gwaji na jami'ar Yale, madubin ya nuna ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo a ciki kamar an barbaɗa yashi, wanda ya sa aka haɗa shi da dangin da ake kira arena, wato yashi a Latin. A 1973 Ruth Bishop da abokan aikinta a Melbon ta Ostareliya suka gano rota a hanjin yara masu gudawa, bairos mai kama da ƙafar keke, wanda Nijeriya ta sa rigakafinsa cikin na yara a 2022. A 1976 Frederick Murphy ya ɗauki hoton Ebola mai kama da igiya a ƙulle. Masu binciken tsirrai su ma ba a bar su a baya ba. Wani Bajamushe, Brandes, ya fito da hanya mai sauƙi a Braunschweig: ka yanki ganye, ka tsoma bakin yankan a ɗigon ruwa a kan faifai, ka duba.

To me ya hana a tsoma ganyen gyaɗa a huta?

An tsoma. Matsalar ke nan.

Zimmermann ne ya fara rubuta bayanin kuturtar gyaɗa a 1907, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. A 1928, Storey da Bottomley a Afirka ta Kudu suka tabbatar da cewa darɓa ce ke ɗaukar ta daga tushe zuwa tushe, baƙar darɓar nan da ke taruwa a kan tohon gyaɗa da wake. An kuma tabbatar ba ta bin iri, ko ka shuka gyaɗar da aka ciro daga tushe mai cuta, lafiya za ta fito. Duk alamu sun nuna bairos ne. Amma a ruwan ganyen da ya fi kowane nuna cuta, sau da yawa madubi ba ya nuna komai, in ma an ga wani abu, 'yan ƙwayoyi ne jefi-jefi da ba za a iya rantsuwa a kansu ba.

Ga kuma wani abin ɗaure kai da aka lura da shi a shekarun 1960. Idan ka murje ganye mai cuta ka shafa ruwansa a lafiyayyar gyaɗa, tana iya kamuwa, ta kuturce sarai. Amma ka kawo darɓa ta sha daga wannan tushen, ka mayar da ita kan wani, ba abin da zai faru. Cutar da aka shafa da hannu ta zama gurguwa, ba ta iya hawa ƙwaro. A 1968, Hull da Adams suka warware rabin ƙullin. Suka nuna cewa bairos biyu ne. Ɗaya yana tare da alamun cutar, ɗayan kuma ba ya nuna alama ko kaɗan, amma in babu shi darɓa ba ta iya ɗaukar na farkon. Suka kira shi mataimaki. Sun gano haka ne ta hanyar gwaji da ƙwari da tsirrai a cikin keji, ba da ganin ido ba.

A nan ilimi ya tsaya lokacin da annobar 1975 ta sauka. Kuma bari mu faɗi wata gaskiya da mu masu son na'ura ba mu cika son faɗa ba: shawarar da ta fi amfanar manomi ba daga madubi ta fito ba. Tun 1963 da 1964, Booker a Samaru da A'Brook a Mokwa sun nuna da gwajin gona cewa shukar wuri da shuka kusa-kusa suna rage cutar ƙwarai. Dalili kuwa, darɓa mai fiffike ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin tsirrai, gonar da ganye ya rufe ba ta jan ta sosai, kuma tushen da ya riga ya girma kafin ta iso ba ya asara kamar ƙarami. Sai dai ka san yadda aikin damina yake a wajenmu. Ruwan farko na gero da dawa ne, abincin gida ke nan, gyaɗa sai ta jira. Irin gyaɗa kuma da tsada, ga ta ana shuka ta a tsakanin hatsi, tsilla-tsilla. Ba rashin ji ba ne ya sa manomi bai bi shawarar ba, lissafinsa ne dabam da na mai gwaji.

Ganye ya tafi Jamus

Me ya sa mataimakin ya yi wuyar gani? Ba ko'ina yake zama a jikin ganye ba. A cikin 'yan jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa kawai yake, inda darɓa ke soka bakinta, kuma ko a can ba shi da yawa. Madubin elektron kuwa, duk ƙarfinsa, ɗan mitsitsin wuri yake kallo a lokaci guda. In ƙwayoyin ba su kai wajen miliyan a cikin mililita ɗaya ba, za ka iya wuni kana zagaya faifai ba ka ci karo da ko ɗaya ba.

Dabarar da ta magance wannan ta fito a 1973 daga wani Ba'amurke mai suna Derrick. Idan aka yi wa zomo allurar wani bairos, jininsa yakan haɗa sinadaran garkuwa da ke kama wannan bairos ɗin, da wasu 'yan uwansa na kusa. Sai a shafe faifan da wannan garkuwa kafin a ɗiga ruwan ganye. Faifai ya zama tarko mai danƙo, amma danƙon da tsuntsu iri ɗaya kawai yake kamawa. A bar shi ya jiƙa, a wanke dattin ganye, abin da ya maƙale ya maƙale. Ana iya ƙara wani mataki, a sake zuba garkuwa a kan waɗanda aka kama. In ta lulluɓe su har suka yi buzu-buzu a hoto, to an tabbatar da danginsu. Wannan ya mayar da madubin daga mai nuna siffa zuwa mai faɗin suna.

A 1983 aka buga sakamakon da ya shafe mu kai tsaye. Casper da Lesemann da abokan aikinsu a Braunschweig, tare da D.V.R. Reddy na cibiyar ICRISAT da ke Indiya, da S.M. Misari na Samaru, sun gwada gyaɗa mai kuturta da garkuwar da aka tanada don wasu bairos na dangin luteo. Tarko ya kama. Ƙwayoyi ne 'yan dunƙule-dunƙule masu kusurwoyi, kamar ƙwallon ƙafa. An gane dangin mataimaki ke nan: luteo, dangin da aka san su da zama a jijiyar abinci da hawa darɓa, irin wanda ke naɗe ganyen dankalin Turawa. Daga baya Rajeshwari da Murant a cibiyar binciken amfanin gona ta Sikotland, kusa da Dundee, suka tace shi tsantsa a 1988, suka auna shi, nanomita 28.

Saura babban mai laifi. Shi fa? Reddy da Murant da sauransu sun yi aiki a kan samfuran Nijeriya, na rawaya da na kore, suka buga a 1985. Sun samu abin da ke sa cuta a cikin ruwan ganye, amma ba ƙwaya. Ba wai ya ɓuya ba ne. Ba shi da ita ne kwata-kwata.

Ka san bairos abu biyu ne: saƙo, wato zaren RNA ko DNA mai ɗauke da umarnin yadda za a kwafe shi, da kuma riga ta furotin da ke rufe saƙon. Rigar ce madubi yake gani. Shi wannan bairos na kuturta zare ne tsirara, ba ya ɗinka riga. A cikin tsiro yana iya hayayyafa, yana ratsawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Amma in zai fita, sai ya tarar da mataimaki a tushe ɗaya, ya cusa zarensa a cikin rigar mataimakin. Darɓa ta zo ta zuƙa, jikinta ya gane rigar ya bar ta ta ratsa hanji ta isa yawu, ba ruwanta da wanda ke ciki. A shekarun 1990 aka ba wannan dangi suna umbra. A Latin inuwa ke nan, kuma Rumawa suna kiran wanda ya biyo wani zuwa walima ba a gayyace shi ba da wannan suna. Mu da mun ce ɗan rakiya.

Ba a gama ba. A 1988 Murant da abokansa suka gano na uku, wani guntun zaren RNA mai haruffa kimanin 900, wanda ko kwafar kansa ba ya iyawa sai bairos ɗin kuturta ya kwafe shi. Ɗan rakiyar ɗan rakiya ke nan. Abin mamaki, shi ne ke haddasa yawancin alamun da manomi ke gani, kuma bambancin da ke tsakanin kuturta mai rawaya da mai kore daga nau'insa yake. Bayan shekara biyu Murant ya ƙara nuna cewa in babu wannan guntun, darɓa ba ta iya ɗaukar bairos ɗin kuturta ko da mataimaki yana nan. Su uku kowa na riƙe da wuyan kowa. Mataimaki ne kaɗai zai iya rayuwa da yawo shi kaɗai, kuma shi ne wanda ba ya nuna komai a ganye.

Ka duba inda wannan ya bar madubin. Shi ya kama mataimaki, ya faɗi danginsa. Amma sauran biyun, ba hoto ne ya gano su ba, sai da aka ware zarurrukan RNA a kan wani abu mai kama da kafaffen kamu, aka tura su da lantarki, kowane ya tsaya gwargwadon tsawonsa. Gudummawar madubin a nan ita ce rashin gani. Da yake an yarda da ƙarfinsa, da ya duba ya sake dubawa bai ga riga ba, dole masu bincike suka yarda cewa babu rigar. Mu a ganinmu wannan ne wuri mafi daɗi a tarihin gaba ɗaya.

Me wannan ya ƙara wa manomin Bakori?

Abubuwa da dama sun fito fili. Tushe na iya yin shar da shi alhali yana ɗauke da mataimaki. Wani kuma ya kuturce amma darɓa ba za ta ɗauki komai daga gare shi ba, domin ƙwaron da ya harbe shi bai zuba masa mataimaki ba. Saboda haka ƙirga tushen da suka kuturce ba ya faɗa maka iyakar inda cuta ta kai. Aka kuma fahimci irin gyaɗar da ke jure cutar. Tun shekarun 1950 masu binciken Faransa suka samo wasu irin gargajiya a kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa da ba sa kuturcewa, daga cikinsu aka fitar da irin su RMP 12, wanda Samaru ta saki da sunan Samnut 10. Bincike ya nuna bairos ɗin kuturta suke hanawa hayayyafa, shi kuma guntun ba ya rayuwa sai da shi, amma mataimaki yana shiga jikinsu yadda ya ga dama. Matsalar waɗannan iri ita ce daɗewa, sukan kai wata huɗu da rabi zuwa biyar, damanar Arewa mai nisa ba ta isar su. Aikin shekaru ne tsakanin Samaru da ICRISAT kafin a haɗa juriyar da saurin nuna, har aka kai ga irin su Samnut 24 da aka saki a 2011. Kafin nan cutar ta sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1985 da 1988.

A ƙasar Funtuwa kuwa, tarihi ya bi wata hanya. A shekarar annobar ce aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Lokacin babu Jihar Katsina, sai 1987 aka ƙirƙire ta. Shirin ya kawo hanyoyin karkara, da cibiyoyin sayar da takin zamani, da malaman gona, da ingantaccen irin masara. Yankin da aka sani da auduga da dawa da gyaɗa, sannu a hankali ya zama ƙasar masara, wadda a da ta bayan gida ce, a gasa a ci. Yau duk wanda ya shiga kasuwar Dandume da kaka ya ga inda aka kwana.

Sai dai masarar ma ta zo da nata bairos. Idan ka taɓa ganin ganyen masara da dogayen zane-zane farare ko rawaya suna bin jijiya, tushen ya tsumbure, to ita ce. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle ne ke yaɗa ta, kuma Storey ɗin nan na gyaɗa shi ya tabbatar da haka a shekarun 1920. A nan madubin ya yi aikinsa ba gardama. A 1974 Bock da Guthrie da Woods a Kenya suka tace bairos ɗin suka duba, sai ga ƙwayoyi biyu-biyu manne da juna, siffar da ba a saba gani ba. Daga nan sunan dangin ya fito, jemini, wato tagwaye. Danginsu ne ke murɗe ganyen rogo da na tumatir. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da irin masara masu jure wannan cuta, waɗanda za ka ga harafin SR a ƙarshen sunansu, aikin da ya jawo mata kyautar Sarki Baudouin a 1986.

Yau in aka kawo ganye ɗakin gwaji, ba madubin elektron ake fara nufa ba. Tun 1977 Clark da Adams suka daidaita gwajin ELISA don tsirrai, wanda ke amfani da garkuwar nan ta zomo amma launi yake canzawa a cikin 'yan ramuka, a gwada samfur kusan ɗari a faranti ɗaya. Sai PCR ya zo, wanda ke kwafar zaren kansa, shi ya sa yana iya gano duka ukun na kuturtar gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, har marasa riga. Sun fi sauƙi, sun fi araha. Shi madubin yana son ɗaki mai sanyi da ba ya girgiza, da wutar da ba ta ɗaukewa ko na daƙiƙa, da injiniyan da zai zo in ya lalace, da wanda ya shekara yana koyon bambance bairos da tarkacen ganye. Ka ga dalilin da ya sa samfuranmu suka yi ta hawa jirgi zuwa Jamus da Sikotland.

Amma akwai abu ɗaya da har yanzu yake riƙe da shi. ELISA da PCR tambaya suke amsawa: wane yana nan ko ba ya nan? Sai ka san sunan wanda kake nema. Madubin ba ya tambayar suna, duk mai riga da ke kan faifai zai nuna maka shi, ko ba a taɓa ganin irinsa ba. Shi ya sa da SARS ta ɓulla a 2003, hotonsa na cikin abubuwan da suka fara nuna cewa korona ce. Sabon salonsa kuma, wanda ake daskarar da samfur cikin ƙiftawar ido a duba shi a cikin ƙanƙara, wanda ya jawo wa Dubochet da Frank da Henderson kyautar Nobel a 2017, yana nuna rigar bairos kusan zarra-zarra. Da shi aka fitar da siffar ƙayar korona a farkon 2020.

Tambayar da ta rage a kan kuturtar gyaɗa ba ta madubi ba ce, ta gona ce. Tunda ba ta bin iri, kuma darɓa ba ta gadar wa 'ya'yanta ita, ina take kwana daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da babu gyaɗa a tudu? An daɗe ana zargin gyauro, da gyaɗar da ke tsira a wurare masu laima can kudu inda ruwa ke riga sauka, daga nan iska ta kwaso darɓa mai fiffike zuwa arewa. Akwai kuma hujjar cewa lallai tana da wani gida a daji. Gyaɗa baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo ta wajen shekara 500 da suka wuce, kuma can garinsu babu wannan cuta, a Afirka kawai ake samun ta. Ke nan a nan ta tarar da ita, a jikin wani tsiro namu. Masu bincike sun gwada ciyayi da dama, wasu suna kamuwa in an sa musu a keji, amma ba a kai ga kama wanda za a ce shi ne gidan ba. Yanzu da ake ƙarfafa noman gyaɗar rani a fadamu da bakin madatsun ruwa, ganyen gyaɗa zai riƙa kasancewa kore a watannin da a da babu shi. In kana cikin masu yi, ka riƙa duba ƙarƙashin toho tun tana ƙarama, ka tuge duk tushen da ya dunƙule, kuma kada ka bar gyauro ya kai ruwan farko.